Littafi na Uku

Siman yana tsaka da cusa wa wata ɗaliba littafi a hannu wayarsa ta fara ƙara. Bai ko dube ta ba, domin idan ya shiga tallar littafi, ko gobara ce ta tashi sai ya kai ƙarshen zancensa.

"Feyisara, ajiye wancan na soyayyar," ya ce. "Wannan za ki ɗauka. Gari ne guda aka gina a bayan wata ƙatuwar dabba, mutanen garin ba su ma san a kan dabba suke zaune ba, sai ranar da ta ji ƙaiƙayi. Idan kika kai tsakiyarsa kika iya ajiye shi kika ci abinci, dawo min da kayana."

Feyisara ta yi dariya tana jujjuya littafin. Iyayenta Yarabawa ne, amma a Tudun Ƙofa aka haife ta, Hausarta ta fi ta Siman ɗin ma fita. Tun shekararta ta farko a jami'a take zuwa rumfarsa da ke kusa da ƙofar makaranta, inda yake baje littattafan gwanjo a kan katako. Sauran masu rumfuna littattafan jarrabawa suke sayarwa. Shi kuwa Siman, duk littafin da aka zana jirgin sararin samaniya ko dodo mai fukafukai a bangonsa, wanda kowa ke turewa gefe idan an kwance dila, shi ne abin sonsa. Har zauren masu karatu ya buɗe a WhatsApp, kowace Asabar yana tura musu murya yana faɗa musu abin da za su karanta. A zauren ba a kiransa Siman, Laburare ake ce masa.

Kuma yana son littattafan nan da gaske, kada a zalunce shi. Aibinsa ɗaya ne: bakinsa ba ya iya furta "ban karanta ba." Zai karanta bango, ya cinye babi uku ko huɗu, ya leƙa tsakiya, sauran kuma harshensa ya ƙarasa. Idan littafi mai ci gaba ne, maganarsa ba ta canzawa, na gaba ya fi na baya.

Wayar ta sake ƙara. Da ya ga sunan Mama Judit sai ya ɗauka da hannu biyu, kamar tana ganinsa.

"Mama, ina wuni?"

"Siman, an kwantar da Babanka a babban asibiti tun shekaranjiya. Ƙafar nan ce. Yana ta cigiyarka, ya ce ka zo masa da na ukun."

"Na ukun," in ji Siman.

"E, littafin. Ka ce yana hanya. Ka zo yau, ka ji? Yau ɗin nan."

Ta kashe. Siman ya tsaya da waya a kunne.

Baba Yosiya abokin marigayi mahaifinsa ne, mutumin Panda, tsohon malamin gona da ya yi ritaya ya zauna a Keffi. Ciwon sukari ya fara cinye masa ido, sannan ya sauka ƙafa. Da idon ya tafi sai mutumin ya rufe bakinsa, ya daina zuwa coci, ya daina fitowa ƙofar gida, ko rediyo ba ya so a kunna. Matarsa Mama Judit, tsohuwar malamar firamare, ita ta zo rumfar Siman bara ta ce ya ba ta abin da za ta riƙa karanta masa. Littafi Mai Tsarki dai ya haddace, tana fara aya yake ƙarasa mata, har ya gyara mata inda ta yi tuntuɓe.

Siman ya ba ta littafin labarin wani jirgi da ya ɗebi irin kowane hatsi na wata duniya da ta mutu, ya nausa cikin taurari neman sabuwar ƙasa. A cikin jirgin ake haihuwa, a ciki ake tsufa a mutu, irin kuma yana hannun mace ɗaya mai tsaron rumbu. Mama Judit takan karanta sakin layi a zuciyarta da Turanci, sannan ta ɗago ta faɗa masa da Hausa, inda Hausa ta gaza ta cike da yarensu. Ita ta raɗa wa matar suna Uwar Rumbu. Wani ƙanƙanin hatsi da ke cikin labarin, wanda ba ta san sunansa ba, ta ce acca ce, ya zauna a acca.

Littafin nan ya ta da Baba Yosiya zaune. Sai ga shi yana kiran Siman a waya da sassafe yana faɗa: "Wa ya gaya wa marubucin nan ana ajiye irin gyaɗa a ɓare? Bai taɓa riƙe fartanya ba, ko?" Suka gama na farko, suka karɓi na biyu. A ƙarshen na biyun jirgi ya iso sabuwar ƙasa, amma iri duk ya mutu, saura mudu ɗaya na acca. Jama'a na fama da yunwa suna cewa a dafa, Uwar Rumbu ta tsaya a ƙofar jirgi ta rungume mudun tana cewa a shuka. A nan littafin ya tsaya.

Ranar da suka kai nan, Siman yana gidan. Ya ga yadda dattijon ya dafe gwiwa yana girgiza kai, daɗi ya kama shi, bakinsa ya zarce. "Baba, ai ba ka ji komai ba tukuna. Na uku ya fi su duka. Ni da na kai shafin ƙarshe sai da na yi hawaye." Da aka ce ina littafin, ya ce wani ya ara ya tafi da shi bautar ƙasa, amma wani zai zo a dila ta gaba. A ransa bai ɗauke ta ƙarya ba. A bayan na biyun an rubuta cewa na uku yana tafe, to ai zai zo, ya karanta, ya yi hawayen daga baya. Dila ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, damina ta zagayo.

"Oga Siman, lafiya?" Feyisara ta tambaya.

Ya ɗaga mata hannu, ya kira Tobenna, wanda ke kawo musu dila daga Legas.

"Tobenna, littafin nan da na ce ka duba min, mai jirgi da zangarniya a bango."

"Oga Siman, abeg, ni kilo nake aunawa, ba na karatu. Duk abin da ya zo kai kake fara zaɓa. In ba ka gani ba, babu shi ke nan."

Saura hanya ɗaya, kuma hanya ce da Siman ya sha zagi a zaure. Sau nawa ya ce karatu a waya ba karatu ba ne, littafin da ba a jin warinsa ba littafi ba ne? Ya haɗiye girman kansa ya dubi Feyisara.

"Taimake ni. Littafin Uwar Rumbu, na uku. Nemo min shi a wayarki, ko nawa ne, in kai a buga min a takarda."

"Yau Laburare da kansa?" ta ce tana murmushi. Ta zauna a kan benci ta hau latsawa. Siman ya shiga gyara littattafan da ba su buƙatar gyara. Da ya ji shirun ya yi yawa ya juyo, sai ya ga murmushin ya bar fuskarta.

"Oga, babu na uku."

"Duba da kyau. Wataƙila sunan ne daban."

"Na duba wuri uku. Marubucin ya rasu bai rubuta shi ba. Shekaru ke nan. Iyalinsa ma sun ce ba su yarda wani ya ƙarasa ba." Ta ɗago ta kalle shi. "Amma ai ka ce ka karanta. Muryarka tana nan a zaure, ka ce ka yi hawaye."

Motoci suna ta wucewa a kan titin Akwanga, mai gasa masara a gefe tana ta fifita wuta. Siman ya kawar da kai ya dubi titi. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

Feyisara ba ta yi masa dariya ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ɗaga littafin garin da ke bayan dabba. "Wannan fa? Ka karanta shi?"

"Na kusa rabi."

"Ni ma na gaya wa ƙawayena na ukun ya fi," ta ce a hankali. "Na ce kai ka faɗa." Ta ajiye littafin a inda ta ɗauke shi, ta daidaita shi da 'yan'uwansa, ta rataya jakarta ta tafi.

Ya ja tamfol ya rufe kayan, ya bar wa maƙwabcinsa amanar rumfa, ya tare okada. A hanya ya tsaya ya sayi yalo da kokwamba, tun da mai sukari ba a kai masa ayaba. Ledar ta yi masa rashin nauyi a hannu. Duk tsawon hanyar yana shirya maganarsa. Zai durƙusa a gaban gado ya ce, Baba, na yi maka ƙarya, babu littafin, ban taɓa ganinsa ba. Dattijon zai yi faɗa, wataƙila ya kore shi, shi ke nan ya huta. Har ya fara jin sanyin hutun tun kafin ya isa.

Ɗakin maza a cike yake, masu jinya sun shimfiɗa tabarmi a tsakanin gadaje. Baba Yosiya yana can kusa da taga, an sa masa ƙarin ruwa, an naɗe ƙafar hagu tun daga yatsu har ƙasan gwiwa. Duk da maganin da aka wanke ɗakin da shi, warin ciwon yana fitowa. Mutumin ya rame har kunnuwansa sun yi girma. Mama Judit tana zaune a kan kujerar roba, zanen zumuntar matan coci a kafaɗarta.

"Takun Siman ne wannan," in ji dattijon tun kafin a yi sallama. "Kullum kamar ana binsa bashi. Matso, ɗana."

Siman ya durƙusa ya gaishe su. Baba Yosiya ya miƙo hannu, tafinsa a buɗe. Siman ya rasa yadda zai yi, ya ɗora masa ledar yalo.

Dattijon ya shafa, ya yi tsaki. "Littafin ya zama yalo?"

"Baba, akwai maganar da nake so in faɗa maka a kan littafin nan. Ƙarshen labarin..."

"Kul!" Baba Yosiya ya ɗaga yatsa, har robar ƙarin ruwan ta girgiza. "Kada ka kuskura. Na san bakinka, ba ya riƙe ruwa. Idan ka gaya min ta shuka ko ba ta shuka ba, ni da kai mun ɓata har abada. A kunnena nake so in ji, daki-daki, yadda aka rubuta."

"Ba haka ba ne, Baba..."

"Na ce ka yi shiru. Ni na yi nawa lissafin. Matar nan ba za ta shuka duka ba, ba wawiya ba ce. Ƙasar da ba ka sani ba, ba ka zuba mata irinka gaba ɗaya. Za ta raba uku, ta gwada tudu, ta gwada fadama, ta ɓoye kashi ɗaya ko da a cikin rigarta ne. In marubucin yana da hankali haka zai yi. In kuma ya sa ta watsa duka, to, a kira min shi." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa sai ya ce, kamar yana ba da labarin kasuwa, "Gobe da safe za su yanke ta. Ƙafar. Na ce musu su yanka."

Siman ya dubi Mama Judit. Ta miƙe ta ɗauki fulas. "Zo ka taya ni ɗebo ruwan zafi," ta ce.

Ba wurin ruwan zafi suka je ba. A baranda ta tsaya, bayan ɗakin, inda masu jinya suka shanya zannuwa a kan waya.

"Tun watan jiya likitoci suke cewa a yanke," ta ce. "Ya ƙi. Ya ce yadda Allah ya halicce shi haka zai koma, ba za a binne shi gutsi-gutsi ba. Yaran sun zo daga Abuja sun yi kuka. Fasto ya zo ya yi wa'azi har muryarsa ta dushe. Jiya likita ya ja ni gefe ya ce idan cutar ta shiga jini, babu sauran magana."

"To me ya canza, Mama?"

"Yau da safe ya ce in karanta masa wani abu. Ba ni da sabo, sai na maimaita masa shafin ƙarshe na littafi na biyu. Da na gama sai ya ce, 'Siman ya ce na uku ya fi. Ba zan bar matar nan tsaye a ƙofa ba. Kira likitan.'" Ta gyara zanenta. "Kada kanka ya kumbura. Ba littafi ne kaɗai ba. Zazzaɓin jiya ya tsorata shi, na gani. Amma ka san Babanka, ya riga ya ce a'a a gaban Fasto da 'ya'yansa, ba zai ce tsoro ya kama shi ba. Yana neman abin da zai fake da shi ne, littafinka ya ba shi. To ina yake? A rumfa ka baro shi?"

Duk maganar da ya shirya a kan okada ta watse. Abin da ya fito guntu ne, ba ado.

"Mama, babu na uku. Marubucin ya mutu bai rubuta ba. Yau na sani."

Ta dube shi kamar da wani yare ya yi magana. "Wanda aka ara aka tafi bautar ƙasa da shi fa?"

"Babu wanda ya ara."

"Hawayen fa?"

"Babu hawaye, Mama."

Mama Judit ta ajiye fulas ɗin a kan dakali a hankali, irin ajiyar wanda yake tsoron abin da hannunsa zai aikata. Ta koyar da yara shekara da shekaru, ta san kowace irin ƙarya, amma wannan ta shige ta.

"Kai, Siman. Kai, Siman! Makaho ka samu? Mutumin da ya ɗauki gawar ubanka a kafaɗarsa? Me ya rage maka in ka ce ban sani ba? Wa zai kama ka?"

Ba riba ya ci ba, littattafan ma kyauta ya ba su. Ya dai so dattijon ya ci gaba da ganinsa a matsayin wanda ya san ƙarshen kowane labari. Da ya tuna haka sai ya ji ƙyamar kansa, har ya kasa kallon fuskarta.

"Zan shiga in gaya masa yanzu," ya ce. "Zan roƙe shi gafara."

Ya juya zai tafi, ta riƙo hannun rigarsa. Bai san tsohuwar tana da ƙarfi haka ba.

"Ka shiga ka yi me? Ka sauke kayanka a ƙirjinsa, kai ka je gida ka yi barci mai daɗi, ni ka bar ni da mutumin da zai ce a fasa? Wannan tuban naka, don shi ne ko don kanka?"

Maganar ta same shi daidai inda yake ɓoyewa. Ya tsaya.

"To bayan an yi aikin, sai in faɗa masa."

"Bayan an yi aikin ne wahalar take. Zai farka babu ido, babu ƙafa, ya kwanta yana sauraron fanka. A lokacin ne zai miƙo hannu." Ta saki rigar, ta juya tana kallon zannuwan da iska ke kaɗawa. Da ta sake magana muryarta ta koma ta malamar aji.

"Ni ba zan yi masa ƙarya ba. Tun da ya aure ni ban yi ba, ba zan fara a gadon asibiti ba. Zan ce masa idona ya gaji da ƙananan rubutu, wannan kuwa gaskiya ce. Kai za ka karanta masa."

"Mama, in karanta me?"

"Ka nemo littafi mai kauri, kowane iri ne, don sai ya auna shi a hannu ya shinshina. Ka zauna ka buɗe. Yadda nake yi, in duba shafi in ɗago in faɗa da Hausa, haka za ka yi. Bai taɓa jin Turancin littafin nan ba, bakina ya sani. Yanzu zai san naka. Kullum da yamma, ba fashi, har ranar da zai taka da sanda ya kai ƙofar gida. Ranar ka durƙusa ka gaya masa gaskiya, ya yi maka abin da ya ga dama, ni ma in karɓi rabona na yin shiru."

"Ni ba marubuci ba ne, Mama. Talla kawai na iya."

"Da kake zuba hawayen da babu, wa ya rubuta maka?" Ta buɗe jakarta ta ciro littattafan biyu, bangonsu ya sha hannu har ya yi laushi, ta danƙa masa. Wani tsohon katin waya da aka kankare yana leƙowa daga cikin na biyun, bai ko kai tsakiya ba. "Ga katinka nan inda na same shi. Shafukan da ke bayansa a manne suke da danshi, da wuƙa na rarraba su. Na ce wataƙila wani kwafin ka karanta. Ka ga ni ma na so a ruɗe ni."

Ta ɗauki fulas ɗinta. "Ka ce masa na uku ya fi na farko da na biyu. To, ka tabbata ya fi. Kuma ka kula, malamin gona ne. Ka shuka abu a watan da ba a shuka shi, a take zai kama ka."

Da suka koma ciki, Baba Yosiya yana cin yalo ɗaya a hankali, yana ɓata fuska.

"Kun daɗe. Gulmata kuke yi?"

"Siman ne zai riƙa karanta maka na ukun," in ji Mama Judit. "Ni idona ya gaji."

"Wannan mai gaggawar? To, ka riƙa tsayawa inda aka sa aya. Yaushe za mu fara?"

"Da zarar ka farfaɗo, Baba."

"Yana da kauri?"

Siman ya ce, "Yana da kauri."

"Madalla." Dattijon ya lalubo hannunsa ya riƙe. Tafin da zafi, zazzaɓin bai gama sauka ba. Ya rage murya yadda matarsa ba za ta ji ba, ko da yake tana ji. "Ba ƙarshen nake tambayarka ba. Abu ɗaya kawai. Hawayen da ka yi, na daɗi ne ko na baƙin ciki? Don in san da me zan shiga ɗakin can gobe."

Idon Siman ya cika. Ya yi ƙoƙarin daidaita muryarsa, ta ƙi.

"Sai ka ji da kunnenka, Baba."

"Ka ga, har yanzu yana taɓa shi," Baba Yosiya ya ce wa matarsa, yana murna. "Lallai littafin nan ya kai."

Mama Judit ta juya tana zuba ruwa a kofi daga fulas ɗin da babu komai a ciki.

La'asar ta yi lokacin da Siman ya fito, hadari yana haɗuwa ta gabas. Ya koma rumfa ya ɗaga tamfol, ya riƙa ɗaukar littattafai ɗaya bayan ɗaya yana aunawa a tafin hannu. Wanda nauyinsa ya dace wani tsohon littafin koyon gyaran injin jirgin ruwa ne, da ya shekara a rumfar ba wanda ya taya. Ya shinshina shi, warinsa ɗaya da na sauran. Ya haɗa shi da biyun ya sa a leda, ya ɗaure kayansa tun kafin lokacin tashi.

Bai nufi gida ba, kasuwa ya shiga, layin 'yan hatsi. Ya wuce masu masara da dawa, har ya sami wata dattijuwa da ƙaramin buhun acca a gabanta, tana shirin rufewa saboda hadari.

"Mama, sannu da kasuwa. Tambaya gare ni. Yaya ake shuka acca?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi takalminsa da ledar littattafansa. "Kai ne za ka yi noman?"

"Wata mata ce. Mudu ɗaya ya rage mata, kuma ba ta san ƙasar ba."

"A ina gonar take?"

"Da nisa."

"To ka gaya mata kada ta binne irin, acca ba ta son zurfi. Ta gauraya da yashi kafin ta watsa, in ba haka ba wuri ɗaya zai zube mata. Sannan ta sa ido a kan tsuntsaye. Akwai tsuntsaye da yawa a wajen?"

Siman ya buɗe baki zai amsa, amsar ma har ta hau harshensa, sai ya rufe.

"Ban sani ba tukuna," ya ce.

Ya jawo wani buhun da babu kowa a kai ya zauna, ya ɗora ledar a cinyarsa. Yayyafi ya fara sauka a kan kwanon rumfar.

"Mama, ɗan fara min daga farko."